Shekarar da Kofi Ya Cinye Mana Kulob

Ran nan ina zaune a bakin fili ina ɗinke wata ƙwallo da ta yage, sai na ji wasunku suna gardama. Wai ƙaramar ƙungiyar wani kulob ta ci kofi, to me ake jira, a sallami tsofaffin babbar ƙungiya a zuba yaran gaba ɗaya. Wani a cikinku har da cewa shi ko gobe aka ba shi usur zai yi aikin koci, ai ba komai ba ne illa tsayuwa a gefe kana ɗaga murya. Ban tanka muku ba a lokacin, don basilla na hannuna kuma raina ya ɓaci. Yanzu ku matso ku ji. Wannan magana da kuke yi da fatar baki, ni na ga an yi ta a aikace a garin nan na Azare, kuma ni aka bari da kwasar abin da ya rage.

Ni ba da usur na fara ba, da buhu na fara. Wanda ya koya mini aikin nan Malam Habu ne, malamin motsa jiki a wata firamare, Allah Ya jiƙansa. Ranar da na je na ce masa ina son koyon horar da 'yan wasa, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini buhu, ya ce in bi fili in tsince tsidau. Yaran lokacin ƙafa a ƙasa suke wasa, ƙaya guda ta isa ta zaunar da yaro mako. Na gama da ƙaya sai ya tura ni gidan burodi roƙon toka, da ita muke zana layi. Ka ɗaure igiya daga wannan turke zuwa wancan, ka bi ta a duƙe kana zuba toka, in layi ya karkace Malam Habu ya sa ƙafa ya share, ka sake. Daga nan ɗinkin ƙwallo: ka zaro robar ciki, ka kai wa mai faci, ka juya fatar, ka ɗinke ta ciki da zare mai kakin zuma, ka hura, ka matsa a kunne ko tana sace iska. Ƙwallayenmu ba su da yawa, in ɗaya ta mutu rabin atisaye ya mutu.

Na daɗe a haka kafin ya bar ni in tsaya kusa da shi. Wata rana an tashi atisaye ya ce mini, "Bala, wa ya zo filin nan yau bai ci abinci ba?"

Na ce, "Malam, yaya zan sani?"

Ya ce, "To me kake kallo tun ɗazu?"

Na ce, "Wasa."

Ya ce, "Wasa 'yan kallo ke kallo. Kai yaran aka ba ka."

Ya nuna mini wani yaro da ya riƙa dafa ƙugu duk lokacin da ƙwallo ta fita. Ya nuna mini wani da ke sauke nauyinsa a ƙafa guda yana ɓoye targaɗe don kada a cire shi. Wannan shi ne aikin. Usur kuwa ko ɗan shekara biyar ya iya hurawa.

A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari, wasu 'yan kasuwa suka haɗu suka riƙe wani kulob a nan Azare. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya mutu. Ciyaman ɗinmu Alhaji Tukur ne, dillalin hatsi, mutum mai son a ji sunansa a rediyo. Babbar ƙungiya tana buga gasa da manyan kulob na wasu garuruwa, tana da kocinta. Ni aka ba ni ƙaramar, waɗanda ake kira 'yan fida, wato yaran da ake renowa don su riƙa cike gurbi a babbar.

Ku fahimci abin da ƙaramar ƙungiya take yi, don a nan kuke ɓata. Ba don ta ci kofi aka kafa ta ba. In shekara ta yi kyau, a cikin yaran nan duka za ka samu biyu ko uku da suka nuna. Su za ka ɗauka ka miƙa sama, su ma ba cikin fili kai tsaye ba. Yaro ya fara zaman benci, ya ɗauki jaka, ya shiga ƙarshen wasa in an riga an ci, ya yi kuskure a inda kuskuren ba zai kashe kowa ba. Kuma dole a gefensa akwai babba da zai rufa masa asiri.

Namu babban shi ne Sani Dogo, kyaftin ɗin babbar ƙungiya, ɗan baya. Ya haura talatin, gudu ya ragu, 'yan kallo suna kiransa tsohuwar mota. Amma duk ranar Alhamis, da muke haɗa ƙanana da manya, shi ne makarantar. Zai bangaje yaro ya faɗi, sannan ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi, ya ce, "Ka ga abin da ya sa na same ka? Ka karɓi ƙwallo kana kallon ƙasa. Kafin ta iso ka waiwaya." Shi ya san yadda ake yi wa alƙalin wasa magana ba tare da an ga kati ba. Shi ya san yadda ake kashe lokaci in 'yan kallon wani gari sun fara zafi. Waɗannan ni ba zan iya koya su daga bakin layi ba, sai wanda ke ciki.

Yaron da na fi shan wahala a kansa shi ne Yakubu, ɗan Giade. Ranar kasuwa na gan shi, bayan la'asar, a filin makaranta, ƙafa a ƙasa, yana wuce samarin da suka girme shi kamar an kafe su. Na bi shi har gida. Ubansa Malam Isa manomi ne, ba ruwansa da ƙwallo. Muka gaisa da Fillanci, aka shimfiɗa mini tabarma, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce in je in dawo. Na yi ta zarya a motar kasuwa, ina zuwa ina komawa, har ya yarda bisa sharaɗi: yaro ya zauna a gidan mutunci, kada ya bar salla, kada ya bi masu shaye-shaye, kuma in damina ta faɗi a sake shi ya zo noma, haka in girbi ya zo. Na amsa duka. A gidan yayata na ajiye shi.

Kuna ganin an samo yaro mai baiwa shi ke nan? Takalmin ƙwallo kaɗai sai da ya kusa kore shi gida. Ƙafar da ba ta taɓa shiga takalmi ba ta yi bororo, yana buga ƙwallo tana tashi sama kamar bai taɓa ganinta ba. Na riƙa shafa wa takalmin man kaɗanya don ya yi laushi, ina sa shi yawo da shi a cikin gida. Ƙafarsa ta hagu kuwa ta tafiya ce kawai. Na kai shi bayan katangar makaranta, ya yi ta dukan bango da hagu har masu gadi suka san shi. Jikinsa bai gama ƙwari ba, dogo ne siriri, gwiwoyinsa na ƙara in ya tsuguna. Na san nan da shekara biyu za a yi maganarsa a jiha. Na kuma san ba yanzu ba.

Golanmu Chinedu ne, ɗan Oga Innocent mai sayar da kayan gyaran babur a kusa da tasha. A garin nan aka haife shi, in yana Hausa a bayanka ba za ka ce ba jikan Katagum ba ne. Na haƙa masa rami na cika da yashi, a nan ya koyi faɗuwa, dama da hagu, har ya daina rufe ido in ƙwallo ta taho. Ubansa da ya je saro kaya kudu ya sayo masa safar hannu ta gola, ita ce ta farko da ƙaramar ƙungiya ta taɓa gani. Yaron yana da hannu, yana da ido. Abu biyu suka rage masa: in aka bugo kwana mutane suka cika gabansa yana tsoron fitowa, kuma in aka ci shi sau ɗaya zuciyarsa tana tsayawa a kan wannan ƙwallon har a tashi. Maganin wannan ba a cikin ramin yashi yake ba. Zama ne a bayan babban gola, yana gani ana ci ana tashi, duniya ba ta ƙare ba.

To a shekarar da nake ba ku labari, aka shirya gasar ƙananan ƙungiyoyi, muka shiga. Yaran sun daɗe tare, sun san juna, muka yi ta wucewa har wasan ƙarshe a Bauchi. Yakubu ya ci, suka rama, aka je bugun fenariti, Chinedu ya tare wadda ta raba gardama. Muka ɗauko kofi. Tun daga bakin gari 'yan acaɓa suka tare mu da oda, aka ɗora yaran a bayan a-kori-kura ana zagayawa da su. Ban hana kowa murna ba, ni ma na yi. Amma a daidai lokacin babbar ƙungiya tana tsakiyar tebur, ba ta sama ba ta ƙasa, kuma an ci ta a gida sau ɗaya ko biyu. Sai magana ta fara yawo a majalisu da gidajen kallo: ga yara sun kawo kofi, tsofaffi sai cin abinci.

Ba a jima ba Alhaji Tukur ya kira taro a zaurensa. An ɗora kofin a kan tebur, an goge shi yana ƙyalli. Ya ce ya yanke shawara: kakar wasa mai zuwa yaran nan su ne babbar ƙungiya, tsofaffi kowa ya kama gabansa.

Na ce, "Alhaji, a yi mini izini."

Ya ce, "Koci Bala, ai yau ranarka ce, faɗi."

Na ce, "Alhaji, yaran nan yara 'yan'uwansu suka ci. Waɗanda za ka tura su su tara magidanta ne, da wasan nan suke ciyar da iyali. Ka ɗauki uku, zan faɗa maka waɗanne. Ka bar Sani Dogo da manya su riƙe su. Baɗi ka ƙara uku."

Ya nuna kofin da ɗan yatsa ya ce, "Wannan su wa suka kawo shi?"

Na ce, "Yara."

Ya ce, "Su Dogon naka fa, me suka kawo?"

Na ce, "Su suka gasa yaran duk Alhamis har suka iya kawo shi."

Sai ya yi dariya, ya dubi sauran 'yan kwamiti ya ce, "Kun ji ko? So yake ya riƙe su a hannunsa, baɗi ma a sake ɗaga shi a mota."

Ku ji fa. Ni da nake tsince ƙaya a fili, ni ne mai son a ɗaga ni a mota. Kocin babbar ƙungiya ya tashi ya sa takalmansa ya fita, bai sake dawowa ba. Na zaci ko don na san yaran za a ce in bi su. Ina! Alhaji ya ce ni kocin yara ne, ya ɗauko wani daga wata jiha, aka gaya masa ko ya ci wasa duk mako ko ya koma inda ya fito. Mutumin ba mugu ba ne, amma har aka yi nisa da lambar riga yake kiran yaran.

Yadda aka sallami Sani Dogo ma abin takaici ne. Mutumin da ya yi wa kulob ɗin nan wasa da karyayyen haƙarƙari, direban Alhaji aka aika ya ce masa ya dawo da riga. Ya wanke ta, ya ninke, ya kawo da kansa filin atisaye. Ya ce wa Alhaji, a gabana, "Alhaji, na ji ba zan buga ba. Ka bar ni a benci kawai, ba sai an ba ni komai ba, in riƙa yi musu magana."

Alhaji ya ce, "Benci na masu tasowa ne."

Sani ya ajiye rigar, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu, ya hau kekensa.

Ni kuma aka ce bana ba a bukatar ƙaramar ƙungiya, tunda duk sun hau sama. Kun ga kofi ya ci babbar ƙungiya, ya ci ƙaramar. Amma ni na karɓo yaran nan daga hannun iyayensu, ba zan zauna a gida ba. Na riƙa bin su da kaina, ina zama a bakin ƙofar bas, ina ɗaukar jarkar ruwa da buhun ƙwallaye.

Wasan farko a gida suka ci. Gari ya ɗauka. Na shiga kasuwa mahauta suna ce mini, "Koci, ina tsofaffin naka?" Na ce musu Allah Ya sa a ɗore.

Wasan waje na farko shi ya nuna musu inda suka shigo. Mun kwana a hanya a takure, ƙafafu sun kumbura. Filin ba shinge, 'yan kallo tsaye a kan layi, wasu da sanduna, in yaro ya zo jifa sai a ja masa riga ta baya. Abokan karawar masu gemu ne, cinyar kowane ta yi ƙugun Yakubu. Bugun kwana na farko, wani ƙato ya sa wa Chinedu gwiwar hannu a maƙogwaro, ƙwallo ta shige. Yaron ya tashi yana tari, yana waige-waige, yana neman wanda zai je ya yi wa alƙali magana. Wa zai je? Kyaftin ɗin yaro ne da ko gemu bai fara ba, ya doshi alƙalin, alƙalin ya daka masa tsawa, ya dawo. Da Sani Dogo na nan, kwana ta biyu wannan ƙaton ba zai kusanci gola ba. Daga nan suka gane lagonmu, duk ƙwallo sai su ɗaga ta sama su bi ta da jiki. Aka yi mana ruwan ƙwallaye.

Haka aka ci gaba, a waje a ci mu, a gida mu yi ta fama. Yaron da ya saba ya yi kuskure in ja shi gefe in gyara masa, yanzu yana yin kuskure gari guda na zaginsa da uwarsa. Waɗanda suka ɗora su a a-kori-kura su ne dai a bakin layi suna jifansu da ledar ruwa.

Chinedu aka fara rasawa. Wani wasa a gida, ƙwallo mai sauƙi ta zo, ya riga ya tsorata, ta sulluɓe ta tsakanin hannayensa. Sai na ji wani ya ɗaga murya, "An saye shi! Dama ba ɗan gari ba ne!" Kafin ka ce me, rabin fili ya ɗauka. Bayan an tashi wasu zauna-gari-banza suka bi ta gaban shagon ubansa suna ihu suna dukan ƙofa. Washegari Oga Innocent ya same ni a fili, da safar hannun a leda.

Ya ce, "Koci, kai ka san yaron nan. Ya taɓa ɗaukar allurar wani?"

Na ce, "Wallahi bai taɓa ba, Oga."

Ya ce, "A garin nan aka yanke masa cibiya. Ranar da ya kawo kofi, ɗan Azare ne. Jiya kuma ɗan ina ne?"

Na je wurin Alhaji na ce ya fito ya yi magana, ko kalma guda, ya ce yaronmu ne. Ya ce shi ba zai yi faɗa da 'yan kallo a kan gola ba, a sa wani. Oga Innocent ya tura ɗansa kudu wurin ƙaninsa koyon kasuwanci. Safar hannun ya bar mini, ya ce in ba wani yaro. Golan da ya fi kowa hannu a cikin duk waɗanda na rena, bai kai ashirin ba ya bar ƙwallo.

Saura Yakubu. Shi kaɗai ke ci musu, saboda haka kowane wasa da shi, daga farko har ƙarshe, kuma kowane ɗan baya a gasar ya san shi za a taka. Damina ta faɗi gasa ba ta ƙare ba. Na tuna wa Alhaji alkawarin noma, ya ce kulob bai san da wannan ba. Na je Giade na ba Malam Isa haƙuri, ya ce ba komai, amma bai dube ni ba. Sannan gwiwar yaron ta dama ta fara kumbura. Da safe sai ya dafa bango yake tashi. Na riƙa gasa masa da ruwan ɗumi ina ɗaurewa, na ce wa sabon kocin yaron nan hutu yake so, ko na wata guda.

Ya ce, "Malam Bala, na gani. Amma in na ajiye shi, ni za a ajiye."

Na koma wurin Alhaji. Ya ce, "In ya huta wa zai ci mana? Kana so mu faɗi?" Sai ya sa aka riƙa kawo wani mai kemis yana yi wa yaron allurar kashe zafi kafin wasa. Na ce wa Yakubu ya ƙi. Ya ce, "Koci, in na ƙi za su ce ni ma an saye ni." Yaro ne, ya ga abin da aka yi wa abokinsa.

Ranar da abin ya faru ko taɓa shi ba a yi ba. An turo masa ƙwallo, ya kafa ƙafar dama zai juya, jikinsa ya juya ƙafar ba ta bi ba. Daga bakin layi na ji ƙarar. Ni da direban bas ɗinmu muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke, kuma da ma sun daɗe suna lalacewa, allurar ce ta hana shi ji. 'Yan kwamiti sun zo dubiya sau ɗaya da lemo, daga nan shiru. Alhaji bai taka ba.

Da aka sallame shi na kai shi Giade. Gero ya nuna, ana shirin girbi. Muka tarar Malam Isa ya dawo daga gona, ya tsaya yana kallo ana sauko da ɗansa daga mota da sanda a hammata. Bai yi faɗa ba. Ya kama yaron ya shigar da shi, ya fito, ya kawo mini ruwa.

Ya ce, "Sannu da ɗawainiya, Malam."

Na ce, "Malam Isa, sai haƙuri."

Ya ce, "Shi Alhajin naku, ya san hanyar Giade?"

Na ce, "Ya sani. Hatsi yake saye a kasuwarku."

Ya ce, "To."

Yakubu yanzu tela ne, yana da iyali, yana ɗingishi. Ba ya iya wuni a duƙe a gona.

Ƙarshen kakar wasa muka faɗi ƙasa, aka koro mu daga rukunin da su Sani Dogo suka yi shekaru suna riƙe mana wuri a ciki. Sabon kocin ya tafi. Sauran yaran suka watse, wasu acaɓa, wasu tasha, kaɗan suka samu wasu kulob. Sai ga kira daga Alhaji. Kofin na nan a zaure, ya fara dusashewa. Ya ce ya gano yaran nan tun farko sa'a suka yi, ba su da zuciya. Sannan ya ce, "Sai ka koma ka haɗa mana wasu, irin na da. Wata nawa zai ɗauke ka?"

Wata nawa! Kamar buhun gero zan auno masa. Na ce, "Alhaji, waɗancan shekaru na yi ina haɗa su, ka ƙarar da su a kaka guda. Kuma ba su ne marasa zuciya ba. Yaron da ya buga maka wasa da allura a gwiwa, ko sannu ba ka aika masa ba." Ya ce in iya bakina. Na ce na iya, shi ya sa iyakar abin da na faɗa ke nan.

Duk da haka na fita nema, don ba ni da wata sana'a, kuma filin na yara ne, ba na Alhaji ba. A nan na ga sauran ɓarnar. Kulob yana iya faɗuwa ya tashi in yana da yara a baya, yaran kuwa a hannun iyaye suke. Na je Itas, wani uba ya ce ɗansa karatu zai yi. Wani ya ce sai ya yi shawara, shawarar da ba a gama ba har yau. Labari ya riga ni zuwa ko'ina, kasuwa zuwa kasuwa.

Na ƙarshe a Yana ne. Na ari babur na je, don an ba ni labarin wani yaro bahago. Na tsaya a gindin wata bishiya na kalle shi har aka kira magariba, kuma ban taɓa ganin ƙafar hagu irin wannan ba, ko a talabijin. Yana karɓar ƙwallo ya riga ya san inda kowa yake. Bayan salla aka nuna mini ubansa a ƙofar masallaci, wani dattijo mai sayar da igiya. Na gaishe shi, na fara bayani, yaron na tsaye a gefe yana murmushi, ya ji an ce daga Azare.

Dattijon ya katse ni ya ce, "Kai ne ka ɗauki ɗan Malam Isa na Giade?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "An ce kai mutumin kirki ne, ka yi iya yinka."

Na ce, "Na gode, Malam."

Ya ce, "To in nawa ya ci muku kofi, a hannunka zai zauna, ko a hannun wancan Alhajin naku?"

Ya jira ni, bai gaggauta ba. Sannan ya juya ya ce wa ɗansa, "Shiga gida." Yaron ya dube ni, ya dubi ubansa, ya shiga.

Na tayar da babur na kamo hanyar Azare, bayana ba kowa.